Jirgin Kara da Kwanar Gindin Rumbu

Da na je gida Kanya, a ƙasar Zuru, bayan girbin bana, na tarar ɗan yayata ya bar ƙera motar kara ya koma jirgin ƙasa. Shekararsa 11, kuma bai taɓa ganin jirgin ba sai a waya, domin dogo bai taɓa ratsa ƙasarmu ba. Tarago uku ya haɗa da karan dawa, ya yi musu ƙafafu da marafan kwalba, ya tsaga kara ya shimfiɗa a matsayin dogo. Muddin hanya ta miƙe, tafiya lafiya lau. Amma da an iso gindin rumbu, inda tilas a sha kwana, sai jirgin ya kife. Sau huɗu aka yi haka a gabana.

"Kawu, me ke kayar da shi?"

Aikin jarida na karanta, don haka na roƙi ya ba ni kwana biyu.

Ga abin da na gano. Ƙafar dama da ta hagu ta jirgin ƙasa a kafe suke a jikin sandar ƙarfe guda, tare suke juyawa. A kwana kuwa dogon waje ya fi na ciki tsawo, kuma iya faɗin da ke tsakanin dogayen biyu, iya girman bambancin. Idan jirgi zai yi rabin da'ira a kan layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ƙafar waje za ta ci ƙarin tafiyar mita 4.5. A tsohon layin Legas zuwa Kano, mai milimita 1,067, ƙarin bai kai mita uku da rabi ba. Shi ya sa ake fere bakin ƙafar jirgi ya zama gefe ɗaya ya fi kauri: a kwana jirgin yakan ɗan zame waje, ƙafar waje ta hau kan kaurinta, ta ci ƙasa fiye da 'yar'uwarta a kowane juyi. Sai kuma tazarar ƙafafun gaba da na baya a ƙarƙashin tarago. In ta yi tsawo, tarago ya zama kamar azara a lungu, ba ya juyuwa.

A wannan bincike ne na ci karo da wani layi da ban taɓa jin an ambata ba a duk karatuna. A 1911 Turawan mulki suka fara shimfiɗa siririn dogo mai faɗin milimita 762 daga Zariya, ya bi ta Soba, Dutsen Wai da Rahama, ya hau tsaunuka ya isa Jos da Bukuru a 1914. Sunan Bauchi suka laƙaba masa, alhali bai je garin Bauchi ba. A lokacin tsaunin Jos ɗin ne suke kira da sunan. Siririn dogo ya fi araha, yana kuma iya kewaye dutse maimakon a fasa shi. Irin wannan faɗin ne ma aka fara gwadawa a Zungeru tun 1901, don haɗa hedikwatar Lugga da inda jiragen ruwa ke iya kaiwa a kogin Kaduna.

Kuza ce ta jawo layin. Kafin zuwansa a ka ake dakonta. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta sami gajeriyar hanya zuwa Fatakwal, sai ƙaramin ya fara zama saniyar ware, har aka rufe shi a 1957. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, an tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuzar nan, da yawa kuma ba su dawo ba. A Turai akwai masu sha'awar ƙera ƙananan jirage irin wannan, suna rage girman komai sau 87 a kan dogo mai milimita 9, har tsatsar tarago suna kwaikwaya. Ina jinjina wa haƙurinsu. Sai dai lebura da kwano a ka ba ya cikin abin da ido ke nema a irin wannan ƙira, kuma a nan ƙasar shi ne rabin labarin.

Ran na uku muka zauna da yaron. Muka matso da dogayen kusa da juna, muka yanke kowane tarago gida biyu, muka sassauta zaren da ke haɗa su. Jirgi ya zagaye rumbu ba tare da ya faɗi ba, ƙannensa na ihu. Ina ba shi labarin layin Jos yana loda wa taragon tsakuwa, wai kuza ce.

Can ya ɗago. "To Kawu, tunda yana iya hawa dutse, me ya hana su kawo shi Zuru?"

Na ce masa a wancan zamanin inda kaya suke ake kai dogo: kuza a Jos, gyaɗa a Kano, kwal a Inugu. Ya yi shiru, sannan ya zubar da tsakuwar, ya tafi neman ƙwayar dawa.