Gamba a Tsakar Gidana

A Zongon Lome, wanda ya samu ɗan fili a tsakar gida ko dai ya malala masa siminti, ko ya sayo furen Turawa a tukunya. Ni kuwa gamba na dasa, ciyawar da ake sarewa a jefar a gefen gona.

Wani direban tirela ɗan'uwanmu na roƙa ya haƙo mini tushe uku a hanyar Mango, can arewacin Togo. Na raba su, na dasa a jikin katanga a watan Afrilu, da faɗuwar ruwan farko. Ban ba ta taki ba, ban yi mata ban-ruwa ba, saiwarta ce ke nutsawa ƙasa ta nemo wa kanta laima. Kafin ƙarshen ƙaramar damina ta wuce tsayina, ta fid da kai mai farin gashi, iska na kaɗa shi kamar tutar biki.

Maƙwabciyata, dattijuwa ce da muke kira Inna, ita ta fara ɗaga murya. Ta ce, "Ɗan nan, macizai kake gayyato mana, ko gobara kake jira?" Maganarta a kan hanya take. Busasshiyar gamba ba ta wasa da wuta. A Ostareliya, inda aka kai ta don kiwon shanu tun shekarun 1930, ta fi ƙarfin jama'a, tana kai mita 4, wutarta har bishiyoyi take cinyewa. Sai muka yi yarjejeniya: in riƙa share gindinta, kuma da hunturu ya kama a Disamba in yanke ta ƙasa-ƙasa. Ko an yanke, tushen yana nan, ruwa na taɓa shi zai tofo.

Abin da ya sa na nace shi ne 'ya'yana. Sun iya Faransanci, sun iya Mina ta kasuwa, amma na tambaye su mene ne zana suka yi zuru. Ba su san jinka ba, ba su san da gamba ake fere alƙalamin allo ba. Tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka maido iyayenmu nan bayan gari, bulo da kwano muka sani. Kalmar da ba a ganin abinta kuwa ba ta daɗewa a baki.

Yankan farko na shanya shi a bayan ɗaki. Wani tsohon malami na unguwarmu ya zaɓi sille masu kauri, ya fere alƙalami biyu a gaban yaran, ya tsoma a tawada ya miƙa wa ƙaramin. Sauran kuma wani mai kawo tumaki daga Nijar ya saƙa mana guntun zana, muka kare wurin wanke-wanke da shi.

Ban ce gamba uku za su riƙe mana harshe ba. Amma yanzu idan baƙo ya tambaya wane irin fure ne wannan, 'yata ce ke riga ni amsawa, kuma da Hausa take faɗin sunan. Bana zan raba tushen gida shida, don mutum biyu a layinmu sun riga sun kama layi.