Katakon Madafar Inna

Ruwan Agustan bana ya yi mana ɓarna a Gwantu. Kwano ya yi yoyo, katakon da marigayi Baba ya shimfiɗa a madafa ya kumbura, uku sun ruɓe. Kafinta ya ce a toshe kwanon tukuna, a ɓamɓare ruɓaɓɓun, a bar ƙasan ta bushe sai hunturu, in ba haka ba sabon ma ruɓewa zai yi.

Yayana ya ce asarar kuɗi ce, ai Kano za mu koma. Tun rikicin 2001 yake faɗin haka.

Inna ba ta tanka masa ba. Washegari ta kwance bakin zaninta, ta miƙo mini kuɗi. "Je ka Kafanchan. Maɗaci za ka sayo, irin na mahaifinku."