Jugum Daban, Tsuru-tsuru Daban

A Dantchiao, idan ruwa ya ɗauke kwana goma bayan shuka, ka tambayi maigida ya gari, "lafiya lau" zai ce maka. A bakin uwargida ake jin damuwarsa, tana gaya wa maƙwabciya ta kan danga: "Yaya, Malam fa tun da ya dawo daga gona ya yi jugum."

Ban taɓa jin ta kuskure ta ce tsuru-tsuru ba, alhali ba ta zauna a aji an koya mata bayanau ko amsa-kama ba. Jugum na mai nauyi ne a ka. Yana zaune a gindin bedi, ya zuba tagumi, furar da aka dama masa ta fara tsinkewa a ƙwarya, idonsa na gabas inda hadari ke tasowa. Hatsin da ya tsiro ya fara lanƙwashe ganye, rumbu kuma saura ƙasa-ƙasa. Bai yi wa kowa laifi ba, lissafi ne ya ƙi fita. In abin ya sauka a jiki har kafaɗu suka zube kamar kazar da ruwa ya daka, sai kalmar ta koma sukuku.

Tsuru-tsuru kuwa da ƙanshin rashin gaskiya a ciki. Na yaron nan ne da ya ɗauro jarkokin fetur a babur daga Najeriya, ya sha kwana ya yi kiciɓis da 'yan duwan. Ka ce dattijo ya yi tsuru-tsuru a ƙofar gidansa, ka zage shi.

Wadda ta fi burge ni ita ce ɗar-ɗar, don ita ba a ganinta a fuska, mai ita ne ke faɗa da bakinsa. Na ji ta har na gaji bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka. Tsohuwar da ɗanta ya kora raguna zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta ɓarauniyar hanya tana daka, tana shara, tana amsa gaisuwa, amma "zuciyata ɗar-ɗar take, ɗan nan, sai na ga shigowarsa." Kalmar ma bugawa take kamar zuciyar. Ras kuma sau ɗaya ce tak: waya ta yi ƙara da tsakar dare, gaba ya faɗi.

Shi ya sa nake jin haushin masu rubutu irina, da mukan ce "ya damu ƙwarai", "ya damu matuƙa", mu wuce. Ƙwarai awo ce kawai, kamar tiya. Ba ta gaya maka ko gero ne a ciki ko dawa.

Daren da ruwa ya dawo, uwargidan nan ba ta nemi doguwar magana ba. Cewa ta yi Malam ya saki jiki, ya shanye furarsa tas.