Shekarar famfara

Tsakanin shekara 6 da 7 yaro ke fara famfara. Shi ya sa ajin farko da na biyu ba su rabuwa da masu giɓi. Ni da nake tsaye gaban allo kullum, na fi uwayenku ganin bakinku: in kuna karatu, in kuna waƙa, in kuna dariya. Ga saƙon da nake so ku kai gida: shekarar famfara ita ce shekarar da ya kamata a nuna bakin yaro ga lokotoron haƙori, ko da ba inda ke yi masa ciwo.

Bari mu yi lissafi tukuna. Haƙoran nono 20 ne. Haƙoran babban mutum 32 ne. Ke nan akwai 12 da ba su canji kowa ba, su ne turame na can ciki. Huɗu na farko suna fitowa wajen shekara 6, biyu sama, biyu ƙasa, bayan haƙoran nono. Suna fitowa shiru, ba wanda ya faɗi kafin su zo. Nan ne ake yin kuskure. Uwa ta ga turmi ya yi baƙi, ya yi rami, sai ta ce: "Ƙyale shi, ai na nono ne, zai faɗi wani ya fito." Alhali ba wani da zai fito. Wanda ya rasa wannan turmi yana ɗan shekara 8, ya rasa shi har tsufa.

Turamen nan huɗu su ne ginshiƙan baki. Wani lokotoro ɗan Amurka, Edward Angle, ya rarraba ire-iren karkacewar haƙora a shekarar 1899, kuma da su ya yi awo: yadda turmin sama ke sauka kan na ƙasa in an rufe baki. Har yanzu da wannan awo ake aiki. Masu wannan sana'a ta daidaita haƙora, da Faransanci ana ce musu orthodontistes. Ƙungiyarsu ta Amurka ta ce kada yaro ya wuce shekara 7 ba a duba shi ba.

Me ya sa 7, ba 15 ba? Domin a shekara 7 turame sun fito, haƙoran gaba sun fara fitowa, muƙamuƙi kuwa bai gama girma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In haƙoran ƙasa sun rufe na sama, ko haɓa na karkata gefe ɗaya in yaro ya cije, gyaran ya fi sauƙi a lokacin. In ƙashi ya ƙosa, wani gyaran sai da aikin tiyata.

Kada ku ji tsoro, dubawa ba sa waya ba ce. Yawancin yaran da aka duba a wannan shekara, ce musu ake su tafi su komo bayan wata 6 ko shekara guda. Wayar da ake ɗaura wa haƙora, galibi sai haƙoran nono sun ƙare, wajen shekara 11 zuwa 14.

Akwai abubuwan da ku da kanku za ku iya lura da su, gare ku ko ga ƙannenku. Yaron da ya shiga lakwal yana tsotson yatsa har yanzu, yatsan na tura haƙoran sama waje, har leɓe ya kasa rufe su, kuma irin waɗannan haƙora su suka fi saurin karyewa in an faɗi wajen wasa. Yaron da alawa ta cinye masa haƙorin nono aka cire shi tun lokaci bai yi ba, maƙwabtan haƙorin sukan matso su cike gurbin, sabon ya zo ya rasa wuri, ya fito a karkace. Sai kuma wanda sabon haƙori ya fito masa bayan tsohon, tsohon ya ƙi faɗuwa. Na ji kuna cewa in ƙadangare ya ga giɓi, haƙori ba ya fitowa. Ƙadangare ba ruwansa. Amma in na gefe ɗaya ya fito, ɗan'uwansa ya yi wata 6 bai leƙo ba, wannan abin nunawa ne.

Wushirya fa? Ita ba ciwo ba ce, mu nan ma ado muke ɗaukar ta. Sai dai ƴanmata masu murna da ita a shekara 8, ku yi haƙuri: sau da yawa takan rufe da kanta in fiƙoƙin sama sun fito, wajen shekara 11 ko 12.

Na san masu daidaita haƙora ba su da yawa a ƙasarmu, kuma ba kowane uba ke iya ɗaukar yaro daga ƙauye zuwa Yamai don haƙorin da ba ya ciwo ba. Ba sai an fara da nan ba. Lokotoron haƙori na babban asibiti, a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, yana iya dubawa, shi ne zai ce ko akwai bukatar wucewa gaba. Ranar da aka shiga birni don wata hidima, ku roƙi baba a biya da ku. Kafin nan, yau da dare, ku wanke hannu, ku sa yatsa can ƙarshen dasashi, ku ƙidaya daga tsakiyar baki. Haƙori na 6 shi ne turmin da nake faɗa muku. A kansa asuwaki zai fi daɗewa.