Sallama Kafin Shiga

Mu uku ne muka haɗa kuɗi muka buɗe ɗan shagon intanet a unguwarmu, da tsofaffin kwamfutoci huɗu. Da yake ba su da ƙarfi, sai muka sa musu Linux. Ranar da za a rufe rajistar jarrabawa, ɗalibai sun cika benci da takardunsu a hannu, sai modem ɗinmu na USB ya ƙi hawa.

Zargi muka fara yi. Muka ɗora wa kamfanin layi, muka ɗora wa wanda ya sayar mana, muka zare muka mayar ya fi sau goma. Can ƙaraminmu ya ce, "Yaya, mu tambayi kwamfutar me ta gani mana." Muka rubuta dmesg, umarnin da ke nuna abin da ta lura da shi. Ashe faifan CD ta ɗauke shi, domin irin wannan modem yana ɗauke da manhajar Windows a cikinsa, kuma da wannan fuskar yake fara bayyana. Muka juya shi da usb_modeswitch, sai ga ƙofofi uku: ttyUSB0, ttyUSB1 da ttyUSB2.

Murna ta koma ciki da muka buɗe minicom don mu yi magana da shi, aka ce ba mu da izini. A Linux ƙofar modem tamkar fayil ce, tana da masu ita, mu kuwa ba ma cikin rukunin dialout. Muka sa sunanmu, muka fita muka sake shiga.

Sannan muka rubuta haruffa biyu, AT, wato sallamar da ake yi wa modem tun zamanin kamfanin Hayes a 1981. Ƙofar da muka fara gwadawa shiru. Muka koma wata, ya amsa: OK. Muka sa wannan ƙofar a wvdial, ya kira *99#, layi ya hau.

Ana kiran magariba muka gama wa yarinyar ƙarshe. Mahaifinta, da ya wuni a tsaye bakin ƙofa, ya tambaye mu abin da ya lalace. Muka kalli juna. Babu abin da ya lalace. Awa uku muka yi muna bugun ƙofa, ba mu duba ko ta gidan ce ba.