Kura: Ruwa Na Gudu A Kanal, Takardu Na Kwance A Akwati

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya ta san Kura, ko da kuwa ta tagar mota ce. Da zarar an bar Na'ibawa, an wuce Kwanar Dawaki da Tamburawa, sai ƙasa ta fara sauya kama. A tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus a wasu wurare, nan za ki ga kore shar hagu da dama, ga ruwa yana bin kanal, ga 'yan ƙwadago sun duƙa cikin fadamun shinkafa. Tafiyar ba ta fi kilomita 30 da 'yan kai ba daga birni, amma rayuwar garin daban take da ta Kano.

Na yi kwana huɗu a garin a hutun makaranta, wajen wata 'yar'uwata da ke aure a can. Abin da na kawo wa masu karatu a wannan wata shi ne abin da na gani game da karatun 'ya'yan garin da kuma ayyukan da suke samu bayan sun gama. Na tabbata uwargida da ke Gumel ko Malumfashi ko Misau za ta ga hoton nata garin a ciki.

Tun kafin shinkafa, da rini aka san Kura. Rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi, a nan ake rina su da baba a buge su har su riƙa ɗaukar ido, Buzaye su saya su tafi da su har Agadas da gaba. A wancan zamani babu wanda ke tambayar yaro abin da zai yi idan ya girma. Ɗan marini karofi zai nufa, ɗan mabugi kuma mabuga. Wurin koyo shi ne wurin aiki, malaminsa kuma shi ne ubangidansa.

Abin da ya juya garin shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwanta ta manyan hanyoyi zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da wannan shiri, wanda aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kimanin hekta 22,000. Daga nan manomin Kura ya daina zaman jiran damina. Ya yi shinkafa, ya yi alkama, ya yi tumatir da albasa da masara. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Kura tana da mutane sama da 140,000, kuma da wuya ki sami gidan da abincinsa bai rataya ga wannan ruwa ba, kai-tsaye ko a kaikaice.

Idan kika shiga cikin gari da hantsi, ƙarar injinan casar shinkafa ce za ta fara tarbar ki, sai ƙurar ɓuntu da ke tashi. A cikin gidaje kuwa mata ne ke riƙe da babban ɓangare na sana'ar. Su ke karɓar shanshera su jiƙa, su turara a manyan tukwane, su shanya, kafin a kai inji. Aiki ne na wuta da hayaƙi da ciwon baya, amma da shi mata da yawa ke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, da shi kuma ake biyan kuɗin jarrabawa. Matar da na zauna kusa da murhunta ba ta yi boko ba, sai dai da kuɗin wannan gumi ta kai 'ya'yanta biyu har babbar makaranta. Ɗaya ya karanta harkar mulki, ɗayar kuma aikin jarida. Shi namijin yanzu yana zaune a bakin titi da na'urar cire kuɗi ta POS. Ita macen ta yi aure a garin, tana taya uwarta shanya. Uwar ta ce mini ba ta yi nadamar karatunsu ba ko kaɗan, abin da ke damunta kawai shi ne babu wanda ya taɓa gaya mata cewa kwas suna suka tara.

Wannan magana ta sa na zauna na lissafa ayyukan albashi da ke cikin gari irin wannan. Ba su da yawa. Akwai sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai makarantun firamare da na sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu, akwai asibiti da ƙananan wuraren shan magani na ƙauyuka, sai ofisoshin 'yan sanda da kotu da na hukumar ruwa. Shi ke nan. Sakatariya kuwa kujerunta ƙidayayyu ne, wanda ya zauna a kai sai ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika shekara 60 kafin ya tashi. To a kowace shekara ga matasa suna dawowa daga bautar ƙasa da digiri a kan harkar mulki, da kimiyyar siyasa, da nazarin zamantakewa, kowa idonsa na kan waɗannan 'yan kujeru. Ba a ce waɗannan fannoni ba ilimi ba ne. Ilimi ne mai amfani, sai dai kasuwarsa tana Kano da Kaduna da Abuja, inda ma'aikatu da gidajen rediyo da ƙungiyoyi suke.

A nan ne lamarin 'ya mace ya bambanta da na ɗa namiji. Saurayi idan bai sami aiki a gida ba zai rataya jaka ya shiga birni, ya kwana a shagon aboki har Allah Ya buɗa masa. Ita kuwa yarinya galibi inda aure ya ajiye ta nan za ta zauna. Idan abin da ta karanta ba shi da gurbi a garin mijinta, to takardarta za ta shiga ƙarƙashin zannuwa a akwati, ta yi shekaru ba a fito da ita ba.

Waɗanda na ga karatunsu ya yi daidai da bukatar gari su ne ma'aikatan lafiya. Duk matar da ta taɓa zuwa awo a ƙaramin gari ta san yadda layi yake, ta kuma san yadda hankalinta ke kwanciya idan ta tarar mace ce za ta duba ta. Akwai magidantan da ke hana matansu zuwa asibiti don kawai babu mace a ɗakin haihuwa. Saboda haka ungozomar asibiti, da nas, da ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ba sa rasa abin yi. Ko ba a ɗauke su aikin gwamnati da wuri ba, akwai asibitoci masu zaman kansu, akwai aikin rigakafi, akwai shagunan magani. Wannan ƙarancin ne ya sa aka gudanar da wani shiri daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, da tallafin gwamnatin Birtaniya, inda ake ɗauko 'yan mata daga karkara a ba su shekarar share fage su gyara sakamakonsu na kimiyya, sannan su shiga makarantun jinya da ungozoma, da sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki.

Koyarwa ita ce ƙofa ta biyu, kuma ita ce wadda na fi sani. Takardar NCE, wadda ake yin shekara 3 kafin a same ta, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya. Amma ko a nan akwai bambanci. Masu haɗin Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, ko Larabci, ko Nazarin Zamantakewa, mun yi yawa ƙwarai. Masu Lissafi da Fizis da Kemistiri da Turanci kuwa nema ake yi. Shugaban wata makaranta mai zaman kanta ya nuna mini tarin takardun neman aiki a durowarsa, ya ce kusan dukkansu fanni ɗaya ne, malamin Lissafi kuma daga birni yake zuwa masa kwana biyu a mako. Mu malaman Islamiyya ba ma rasa aji, domin kowace unguwa tana da makarantarta, amma duk wanda ke ciki ya san abin da ake bayarwa a ƙarshen wata alawus ne na sayen sabulu. Mafi yawanmu sai mun haɗa da ɗinki ko wata 'yar sana'a ta cikin gida.

Rashin malaman kimiyya shi ke haifar da sauran matsalar. Yarinya tana zaɓar fanninta ne tun a ajin farko na babbar sakandare, tana 'yar shekara 15 ko 16. Idan makarantarsu ba ta da malamin Kemistiri, ko babu ɗakin gwaji, ajin adabi za a tura ta, ko da kuwa kanta na ja. Bayan shekara 3 makarantar ungozoma za ta nemi kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, ita kuma ba ta ma zauna jarrabawarsu ba. Daga nan sai ta cike JAMB da duk kwas ɗin da mai shagon kwamfuta ya ce ya fi sauƙin samun gurbi. Kin ga an rufe mata ƙofar asibiti tun kafin ta san akwai ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɓangaren da kuɗin garin yake. Ga shinkafa tana juya miliyoyi, amma 'yan ƙalilan ne daga cikin 'ya'yan manoman ke sha'awar karanta aikin gona. Da yawa suna ganin an kai su makaranta ne domin su rabu da taɓo. Alhali kuwa ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga tsangayar aikin gona a Jami'ar Bayero da kuma jami'ar Wudil, ga tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, nan kusa da su. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a wannan yanki har kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba, kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ma sai da ya dakata saboda rashin kaya. A irin wannan rana manomi malamin gona yake nema, wanda ya san ƙwaron ya san maganinsa. Haka nan duk injin casa yana bukatar makaniki da mai gyaran lantarki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 manoma da dama suka koma famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, mai haɗa shi da gyara shi kuwa ba ya zama. 'Yan kasuwar shinkafa suna bukatar mai riƙe musu littafin lissafi. Matan da ke turara suna bukatar wadda ta karanci sarrafa abinci ta nuna musu yadda shinkafarsu za ta fito fes, babu tsakuwa babu wari, a ɗura ta a buhu mai suna.

Amma kada a ɗauka kwas shi kaɗai ne magani. Na haɗu da matashin da ya karanta aikin gona, yana da ilimin, ba shi da gona ba shi da jari, hayar fili a bakin kanal kuma tsada gare ta. Ita kanta kasuwar shinkafa hawa da sauka take yi. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019 injina sun yi ta ƙaruwa, da aka sassauta harajin shigo da abinci a 2024 kuma farashi ya sauko, masu inji da manoma da yawa suka koka. Sannan na ga wadda ta karanta Turanci, ba ta sami koyarwa ba, amma ita ce sakatariyar ƙungiyar mata masu gumi a unguwarsu, ita ke rubuta musu wasiƙa da ajiye lissafin adashi. Ilimi ba ya ɓata, ko da bai kai mai shi ofis ba. Sai dai idan ana iya haɗa ilimin da abin yi tun farko, me zai sa a bar wa sa'a?

Shawarata ga iyaye mata ita ce a fara maganar tun yarinya tana aji uku na ƙaramar sakandare. A tambaye ta abin da take so, a tambayi malamanta inda ta fi ƙarfi, sannan a dubi garin da ake ciki da idon basira: wane aiki ne ake ɗauko baƙo daga nesa ya zo ya yi? Wannan shi ne gurbin da babu kowa a ciki. Idan tana da kan kimiyya makarantarsu kuma babu malamai, a nema mata canji ko darasin yamma, domin kuɗin da za a kashe a lokacin bai kai na maimaita jarrabawa sau uku ba. Idan zuciyarta na kan adabi ko addini, a bar ta ta yi, kada a tilasta mata, amma a haɗa mata da sana'ar hannu ko ilimin kwamfuta da lissafin kasuwanci. Idan kuma maganar aure ta taso tana tsakiyar karatu, a yi batun aikinta a fili tsakanin iyaye da manema tun kafin a sa rana, kada a bari sai an tare rigima ta tashi.

Masu hannu da shuni na irin waɗannan garuruwa su ma da nasu. Wanda Allah Ya hore wa injin casa da manyan motoci, ɗaukar nauyin yara biyu mata zuwa makarantar ungozoma, ko biyan malamin Fizis guda ɗaya a makarantar 'yan mata, ba zai girgiza shi ba, amfaninsa kuwa har matan gidansa zai iso.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa abin da suka karanta ya amfane su ya amfani garuruwansu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.