Azumin Maƙwabciyata: Wasiƙa Daga Delhi

Delhi, Indiya
12 ga Nuwamba, 2024

Inna,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙannena da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki? Allah ya sa sanyin bana bai tayar miki da ita ba. Ni lafiyata ƙalau, aikin tafinta da nake yi wa marasa lafiyarmu masu zuwa asibitocin nan yana tafiya, alhamdu lillahi.

Ranar da zan taho kin riƙe hannuna a zaure kin ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, in riƙe addinina a ƙasar da yawancin mutanenta ba salla suke yi ba. Shekara uku ke nan maganar tana kunnena. Makon jiya na ga abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya, domin a waya gaggawa ba ta barin mutum ya amayar da abin da ke cikinsa. Ki sa Auta ta karanta miki a hankali.

A ƙasan ɗakina akwai wani magidanci mai tuƙa a-daidaita-sahu da matarsa. Duk yaran gidan Caci suke ce mata, wato matar baffa, ni ma na bi sahu. Su ma baƙi ne a Delhi. Mutanen jihar Bihar ne, can gabas, neman abinci ya kawo su kamar yadda ya kawo ni. Suna da wani azumi da suke kira Chhath, wanda suke yi wa rana, da suke ce wa Surya, tare da wata abar bautarsu mai suna Chhathi Maiya. Babbansa yana zuwa kwana shida bayan bikin fitilu na Diwali, akwai kuma ƙarami wajen Maris ko Afrilu. Na bana an yi shi daga 5 zuwa 8 ga wannan wata.

Ranar farko Caci ta wanke ɗakinta tas, ta yi wanka, ta ci shinkafa da wake da wani irin duma mai laushi, babu albasa babu tafarnuwa. Rana ta biyu ta wuni ba ci ba sha. Da yamma ta dafa shinkafa da madara da mazarƙwaila a kan sabon murhun laka, da itacen mangwaro, ta ci, ta raba wa mutane. Daga wannan lomar ba ta sake kai komai bakinta ba, ko ɗigon ruwa, sai da aka yi kusan awa 36. Matar nan ta haura hamsin, Inna. A haka take tsugune tana soya wani abu da suke kira thekua, ɗan'uwan alkakinmu ne, garin alkama da mazarƙwaila da man shanu. Da dare a ƙasa take kwana.

Rana ta uku da la'asar mijinta ya ɗauki kwandon gora a ka, ba takalmi, cike da rake da ayaba da kwakwa da soyayyen nan. A garinsu bakin kogin Ganga ko tafki ake zuwa. A nan kogin Yamuna ya lalace da ƙazantar gari da ta masana'antu, farin kumfa ne yake yawo a kansa kamar auduga, shi ya sa ake haƙa ramuka a filayen unguwa a cika su da ruwa. Na bi su na tsaya daga nesa. Mata suka shiga ruwan da tufafinsu, kowacce ta shafa wata hoda ruwan goro tun daga kan hanci har tsagar kai, suka ɗaga faifan gora sama suna fuskantar rana tana faɗuwa. Washegari tun duhun asuba suka koma cikin ruwan sanyi, ga 'yan fitilun kasko suna ci, suka jira fitowarta. Sai da ta ɓullo sannan Caci ta sha ruwa.

Kada hankalinki ya tashi. Ina tsaye a wurin, ƙissar Annabi Ibrahim da kika koya mana ce take yawo a raina, yadda ya dubi tauraro da wata da rana, ya ga kowanne yana faɗuwa, ya juya ga wanda ya halicce su. A wurin na fahimci hikimar hana mu nafila daidai fitowar rana da faɗuwarta, abin da na haddace a Islamiyya ban taɓa ganin dalilinsa da ido ba. Azuminmu ma Allah ya yi mana sauƙi, an hana mu haɗa kwana biyu ba buɗe-baki. Na koma ɗakina na yi magariba zuciyata cike da godiya.

Da aka gama, Caci ta hauro da thekua a faranti. Na gaishe ta da wahala, na ce mata addinina bai ba ni damar cin abin da aka miƙa wa wanin Allah ba. Na ji tsoron za ta ji haushi. Ta yi shiru, ta koma. Bayan kwana biyu sai ga ta da wani sabo da ta soya daban, ta ce wannan ba na bauta ba ne, na maƙwabci ne. Na ci har na yi santi. Mijinta ya ce a Patna, babban birnin jiharsu, Musulmai da yawa ne suke gina murhunan lakan da ake girkin azumin nan a kansu, masu saƙa faifan kuma talakawa ne da a sauran ranaku ake ƙyamar su. A kwanakin nan huɗu kowa yana buƙatar hannun kowa, ba a kuma neman wani limaminsu ya shiga tsakani.

Na tambaye ta me ya sa suke fara gaida rana mai faɗuwa kafin mai fitowa. Ta ce duk duniya mai fitowa ake yi wa fadanci, su kuwa iyayensu sun koya musu kada su juya baya ga wadda ta gama yi musu aikin yini. Bautarta na bar mata, amma wannan magana ta bi ni har shimfiɗa. Na tuna Goggo a ɗakinta na ƙurya, wadda ta goya ni ta yi mini tatsuniya, yau yamma ta yi mata, ni kuwa rabon da in ce a ba ta waya an fi shekara. Lambobin manyan mutanen da nake raka wa asibiti kuwa, ko tsakar dare suka kira ina ɗauka.

Wani abin kuma, mako guda kafin azumin tashoshin jirgin ƙasa na Delhi ba masaka tsinke. Gwamnati tana ƙara jirage na musamman, duk da haka leburori da masu gadi suna tafiya a tsaye dare da rana don su ɗauki kwandon uwarsu zuwa bakin ruwa. Wanda bai samu tafiya ba, kamar Caci, sai ya kawo garinsu cikin ramin ruwan unguwa. Ranar farkon azumin bana babbar mawaƙiyarsu Sharda Sinha ta rasu a nan Delhi. Da waƙoƙinta ake yin bikin, sai ga mata suna kuka muryarta tana tashi a lasifika. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji mu. Su sun ƙi yarda gida ya bar su.

Ni fa? Azumin Litinin da Alhamis da muka saba tare na sake shi tun shekarar farko, ina cewa aiki ya yi yawa. Salla uku ban ci tuwonki ba, ina lissafin kuɗin jirgi. Matar da ba ta san Alƙur'ani ba ta tsaya cikin ruwan sanyi da ƙishin kwana biyu saboda abin da ta yarda da shi, ni da nake riƙe da gaskiya na yi sakaci da tawa. Kanwar da kika ji mini tsoro ba ta taɓa kaina ba, Inna, sai ma ta nuna mini inda na yi datti.

Jiya Litinin na ɗauki azumi, Caci ce ma ta aiko mini da ayabar buɗe-baki. Na fara tara kuɗin tikiti, in Allah ya kai mu watan Ramadan a farkon Maris, a tabarmarki zan sha ruwa. Kafin nan, ranar Juma'a bayan an sauko zan kira. Ki sa Auta ta kai wa Goggo wayar tukuna, da ita zan fara gaisawa.

A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki mai ƙaunarki